Minti Goma Zuwa Gindin Bishiya: Yadda Na Yi Jinyar Ciwon Damuwa

Ƙarfe uku da 'yan mintoci na dare nake farkawa. Ba mafarki ke tashina ba, ba hayaniya ba. Idona kawai zai buɗe tar kamar an yayyafa mini ruwa, in kwanta ina kallon rufin ɗaki har gari ya waye. Wata huɗu na yi a haka. A waɗannan sa'o'i babu kuskuren da na taɓa yi a duniya da bai zo ya zauna mini a ƙirji ba: baƙar maganar da na gaya wa wani shekara goma baya, ɗalibin da na kasa jawowa har ya bar karatu, bashin da na biya tuntuni amma zuciyata ta ƙi yarda an gama da shi. Da safe in tashi gaɓoɓina kamar an ɗaura musu duwatsu.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, shekara 14 ina riƙe da alli, kuma ina son aikin. Shi ya sa takardun jarrabawa suka fi rashin barcin ba ni tsoro. Guda 86 na kawo gida in duba, aikin da na saba gamawa cikin kwana uku, sai ga shi sun yi mako uku a kan tebur. Zan ɗauki ta farko, in karanta amsar yaro sau huɗu, in kasa gane ko ya ci ko ya faɗi, alhali tambayar ni na tsara ta da hannuna. Sai in ajiye jan biro in zauna ina kallon bango.

Mutane sun ɗauka mai ciwon damuwa kuka yake wuni yana yi. Ni ko ɗigon hawaye bai zo mini ba. Komai ne ya salance. Abinci ba ɗanɗano, hira ba armashi, wasan ƙwallon da nake bibiya tun ina yaro ya koma mutane ne kawai ke kai da komo. Ga kuma saurin fushi. Ranar da 'yata 'yar shekara shida ta kawo zanen da ta yi, ta ɗora a kan takardun nan tana cewa, "Baba, duba gidanmu," na daka mata tsawar da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauke zanenta a hankali, ta fita da baya da baya. Da dare maiɗakina ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, wannan ba kai ba ne. Shekara tara muna tare, ban taɓa ganin ka haka ba." Na ce gajiya ce. Ta ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska."

Ban tafi asibiti ba, kuma wannan kuskuren ne ma ya sa na zauna rubuta wannan bayani. Intanet na shiga, na tarar da shawarwari birjik kan yadda ake warkar da damuwa ta hanyar gyara rayuwa ba tare da magani ba. Abin ya yi mini daɗi, domin ya ba ni hanyar kauce wa sunan da nake gudu, wato likitan ƙwaƙwalwa. Na ɗauko takarda na tsara jadawali: tashi ƙarfe biyar, gudun kilomita biyar, barin sukari kwata-kwata, minti 30 na zaman natsuwa da numfashi, karatun shafi 20, kashe waya ƙarfe takwas. Na sayo ƙwayoyin ƙarin kuzari iri uku. Kwana huɗu na yi ina bi. A rana ta biyar na zauna a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗayan takalmin a hannuna, har rana ta take ban motsa ba.

Wannan faɗuwar ta fi ciwon farko yi mini illa. A da ina zargin ko ba ni da lafiya ne. Yanzu sai na ga na sami hujja a rubuce cewa ni rago ne, tun da ga magani a takarda na kasa sha. Ciwon damuwa gwani ne wajen tara hujja a kan mai shi. Shawarwarin da ke takardar ba ƙarya ba ne, da yawansu ma su ne suka taimake ni daga baya. Matsalar ita ce a kan awon mai lafiya aka yanka su. In ka ce wa mai karaya tafiya tana ƙarfafa ƙashi, gaskiya ka faɗa, amma in ya tashi da gudu ranar nan ka ƙara masa wata karayar.

Masu kyakkyawar niyya ma sun ƙara mini nauyi ba da saninsu ba. Wannan ya ce, "Ka cire abin a ranka." Wancan ya ce, "Kana da aiki, kana da iyali, me kuma kake nema?" Wani ya ce ƙarancin tawakkali ne, ita kuwa ta fi ci mini rai, don addu'a ita ce abu ɗaya da ban saki ba, ko da yake na daina jin zaƙinta kamar yadda na daina jin zaƙin komai.

Yayana ne ya kai ni. Maiɗakina ta kira shi ba da sanina ba. Ya zo bai yi mini dogon jawabi ba, ya ce, "Saka rigarka." Na ce, "Yaya, ni fa ba mahaukaci ba ne." Ya ce, "Da ciwon sukari ne za ka tsaya gardama? Tashi mu tafi."

Likitar da ta duba ni mai magana a hankali ce. Ta miƙo mini takarda mai tambaya tara, ana kiranta PHQ-9, ta ce in amsa bisa ga mako biyun da suka wuce. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 3 ne: ko kaɗan, wasu kwanaki, fiye da rabin kwanakin, ko kusan kullum. Rashin sha'awa, mutuwar zuciya, barci, gajiya, cin abinci, ganin kai ba a bakin komai ba, kasa tattara hankali, nawar jiki ko kasa zama wuri ɗaya. Jimillar maki 27 ne. Daga 5 zuwa 9 mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 ya doshi tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani. Ni 19 na samu. Abin da na yi wata huɗu ina kira ragwanci da mugun hali, ga shi an jera shi layi-layi a takardar da aka buga tun ba a san da zuwana ba. A take na gane ba ni na fara ba.

A tambaya ta tara na daɗe biro yana sama. Tana tambaya ne ko mutum yana tunanin gara a ce ya mutu, ko tunanin cutar da kansa. Na sa 1. Likitar ta ajiye takardar, ta dube ni, ta tambaye ni kai tsaye ba kwana-kwana: yaushe tunanin ke zuwa, ya taɓa wuce tunani, akwai wanda ya sani? Na faɗa mata gaskiya, cewa ƙarfe ukun daren nan nakan ji iyalina za su fi hutawa in ba ni. Faɗin da na yi da baki ya sauke mini dutsen da ban san girmansa ba sai da ya sauka. Muka rubuta tare wa zan tasa, wa zan kira, ina zan nufa in abin ya matsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu a duk shekara. Don haka ina roƙon duk wanda wannan tunani ya ziyarta, don Allah kada ya jira ya gwada tafiya ko gyaran abinci tukuna. Ya gaya wa wani a ranar, ya je asibiti mafi kusa a ranar. Wanda kuma yake zargin ɗan'uwansa na cikin wannan hali, ya tambaye shi a fili. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar kowa.

Takardar awon farko ce kawai, ba ita ke yanke hukunci ba. Likitar ta yi kusan awa tana tambayata. Ta ce kafin a kira shi ciwon damuwa sai an sami aƙalla alamu biyar cikin tara sun lizimci mutum mako biyu ko fiye, a cikinsu dole akwai mutuwar zuciya ko gushewar sha'awa, kuma har sun taɓa aikinsa ko zamansa da mutane. Ta tambaye ni ko na taɓa yin kwanaki ina jin ƙarfi fiye da kima, ba barci ba gajiya, ina kashe kuɗi ina surutu, domin mai irin wannan hawa da sauka maganinsa daban ne. Ta tura ni gwajin jini a duba ƙarancin jini, da aikin tayirod da ke maƙogwaro, da bitamin B12, saboda kowannensu na iya sanya rigar damuwa ya zo. Duk suka fito lafiya. A hanyar fita ta ce mini, "Malam, kuna da yawa." Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 sun kai kusan mutum miliyan 280, kimanin kashi 5 cikin 100 na manya, kuma mata sun fi maza yawa a ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun wata kulawa.

Ta rubuta mini maganin ciwon damuwa mai suna sertraline, miligiram 50 a rana. Na ce, "Likita, ba zan zama bawan ƙwaya ba?" Ta ce ba ya sa maye, ba ya kuma sa mutum ya riƙa neman ƙari, amma jiki yana sabawa da shi, don haka ba a yanke shi lokaci guda. Ta ce kada in sa ran ganin canji kafin mako biyu zuwa huɗu, cikakken aikinsa ma yakan kai mako shida ko takwas. Sannan ta nemi ganin ƙwayoyin kuzarin da na saya. Ta ware ɗaya gefe: akwai ganyen da ake kira St John's wort a cikinta, wanda haɗa shi da irin maganina kan iya tara sinadarin serotonin a jiki har ya zama haɗari. Ni kuwa na ɗauka tun da ganye ne ba ya cutarwa.

Na tambaye ta abin da na karanta, wai ciwon ƙarancin serotonin ne kawai a ƙwaƙwalwa. Ta girgiza kai ta ce wannan bayani ya yi gajarta. Wani babban bita da aka wallafa a 2022 bai sami tabbatacciyar hujjar cewa ƙarancin wannan sinadari shi ne sanadi ba. Gado daga iyaye yana ciki, wahalar rayuwa tana ciki, rashin barci, kaɗaici, wasu cututtukan jiki. Amma ta ce wannan bai soke amfanin magani ba: a 2018 mujallar Lancet ta tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, kowannensu ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta aiki. Gaskiyar da ta gaya mini ce ta sa na amince da ita. Makon farko na sha tashin zuciya da ciwon kai da wani irin rashin sukuni. Sun lafa a mako na biyu. A mako na huɗu maiɗakina ce ta fara lura, ta ce ta ji ina amsa sallamar maƙwabci da cikakkiyar murya.

Inda aka mayar mini da gyaran rayuwa cikin awona shi ne wurin masanin halayyar ɗan'adam da likitar ta tura ni, wani dattijo mai yawan shiru. Na kai masa jadawalina ina jin kunya. Ya karanta har ƙasa, ya ce, "Malam, yaron da bai iya tarawa ba kana fara masa da aljabara?" Na ce a'a. Ya ce, "To mene ne abin da za ka iya yi ko a ranar da ta fi kowace muni?" Muka yi ta ragewa har muka tsaya a kan tafiyar minti goma da safe. Akwai wata bishiya a ƙarshen layinmu, minti biyar zuwa, minti biyar dawowa. Ya gindaya mini sharaɗi biyu. Na farko, kada in jira sai na ji ina so. Na biyu, in rubuta makin yadda zuciyata take, daga 0 zuwa 10, kafin in fita da bayan na dawo.

Littafin yana nan har yau. Ranar farko: kafin, 2, bayan, 2. Rana ta biyu haka. Rana ta huɗu ban fita ba, na rubuta "ban iya ba," ya ce ita ma amsa ce, gobe a ci gaba daga nan. A rana ta tara na rubuta: kafin, 2, bayan, 4. Na tuna da kyau abin da ya faru. Na tsaya a gindin bishiyar, na dafa ta, ɓawonta da sanyin safiya, wasu tururuwa na hawa a jere ɗauke da guntun ganye, sai na ga na yi kusan minti biyu ina kallonsu ba na tunanin kaina. Minti biyu ba komai ba ne ga mai lafiya. A wurina hutu ne na farko cikin wata biyar.

Dattijon ya zana mini da'ira a takarda. Damuwa tana sa ka janye daga abubuwa, janyewar tana rage maka duk wata kafar jin daɗi ko jin ka yi wani abin kirki, hakan kuma yana ƙara damuwar, sai ka ƙara janyewa. Mai lafiya sha'awa ce ke tura shi ga aiki. Mai damuwa in ya zauna jiran sha'awa zai daɗe, don ita ce ciwon ya fara kamawa. Sai dai ya sa aiki a gaba, ita ta biyo sawu. Wannan dabara tun shekarun 1970 masana irin su Peter Lewinsohn suka fara aiki da ita, kuma wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2016 ya nuna ba ta gaza jinyar gyaran tunani da aka sani da CBT ba. Da wannan hanya na gama takardun zangon da ya biyo: biyar a zama ɗaya, in tashi.

Minti goma ya zama sha biyar, ya zama ashirin, bishiyar ta koma wurin da nake wucewa. Bayan wata biyu na kai minti 30 sau biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara a matsayin mafi ƙaranci. Motsa jiki ba ɗan rakiya ba ne a wannan jinya. A 1999 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun raba mutum 156 masu ciwon damuwa gida uku, wasu motsa jiki, wasu sertraline, wasu duka biyun, bayan mako 16 sakamakon ya zo kusan ɗaya. A 2024 mujallar BMJ ta haɗa gwaje-gwaje 218 ta ga tafiya ko sassarfa, da yoga, da ɗaga nauyi duk suna rage ciwon. Sai dai akwai abin da masu yaɗa irin wannan labari ke tsallakewa: mutanen Duke ba takarda aka ba su aka ce su je su yi ba, sau uku a mako suke haɗuwa ana kula da su. Ni ma da ba don Yaya yana zuwa ƙofar gida sau biyu a mako yana ƙwanƙwasawa ba, da ban kai ko'ina ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Barci ne ya fi ba ni wahala, shi ne kuma ya zo a ƙarshe. Dokokin da aka ba ni sun saɓa wa abin da zuciyata ke so. In tashi lokaci ɗaya kullum, ko da awa uku na samu. In bar ramuwar barci da rana. In na yi kamar minti 20 a kwance idona biyu, in tashi in koma wani wuri mai ƙarancin haske, in yi abu maras tayar da hankali, sai barci ya zo in dawo, domin kada ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gado wurin shari'a ne. Kofi da shayi kuwa na tsayar da su kafin tsakar rana, da na ji cewa bayan kimanin awa biyar rabin kafeyin, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yana nan a jini. Waya ta koma kwana a falo. Tafiyar safen ta yi mini aiki biyu, don hasken safiya shi ke saita agogon jiki. Sai wata dabara da na raina da farko: ƙarfe shida na yamma in zauna minti sha biyar in rubuta duk abin da ke damuna, da abin da zan iya yi a kan kowanne. In tunanin ya zo ƙarfe uku na dare sai in ce masa an riga an rubuta ka, gobe da yamma mu haɗu. Makon farko na wannan tsari ya yi tsanani, ina tsaye a gaban aji ina jin ƙasa na juyawa. A mako na biyar na farka na ga ƙarfe biyar da rabi, na daɗe ina duba agogon.

Abinci bai ɗauke mu dogon lokaci ba. Na rame da kilo shida saboda tsallake ci, don haka matakin farko shi ne sau uku a rana, da yunwa ko babu. Daga nan maiɗakina ta ƙara kayan lambu, da wake, da kifi, da 'ya'yan itace, da hatsin da ba a cire masa dusa ba, muka rage lemon kwalba da kayan zaƙi. Wani gwaji da Felice Jacka ta jagoranta a Ostareliya a 2017 ya ga kusan kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka gyara wa abinci sun sami sauƙi sosai cikin mako 12, a rukunin da ba a gyara wa abinci ba kuwa kashi 8. Mutum 67 ne kacal, kuma yawancinsu suna kan magani ko jinyar hira a lokacin, don haka ni a matsayin ƙari na ɗauke shi.

Game da tunani, dattijon ya bi da ni ta hanyar da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya shimfiɗa a shekarun 1960. Ya ce in ɗauki jimlar da ta fi yawan zuwa mini, "ba ni da amfani ga kowa," in yi mata abin da nake yi wa amsar ɗalibi: ina hujja, ina kuma abin da ya karya ta? A lissafi misali ɗaya tak ya isa ya rushe da'awar da ta ce "kowa" ko "kullum." Na sami misali bakwai a zama ɗaya. Jimlar ba ta daina zuwa ba, amma ta daina zuwa da hatimin gaskiya.

Mutane su ne ɓangaren da na fi jin nauyin komawa gare shi, don na yi wata da watanni ina ƙin ɗaga waya. Dattijon ya ba ni labarin aikin likita Dixon Chibanda a Zimbabuwe, inda aka horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, har gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfanin abin. A harshen Shona kufungisisa suke kiran ciwon, wato yawan tunani. Ya ce mutum ɗaya zan zaɓa in gaya wa gaskiya. Na zaɓi wani abokin aikina. Da na gama magana ya yi shiru, sannan ya ce matarsa ta sha irin wannan bayan haihuwarta ta biyu, shekara uku ke nan bai taɓa gaya wa kowa ba.

Sai 'yata. Wata ranar hutu na zauna a ƙasa kusa da ita na ce, "Ranar da kika kawo mini zane na yi miki tsawa, ba ki yi laifin komai ba. Baba ne ba shi da lafiya, yana shan magani. Ki yafe mini." Ta dube ni ta ce, "A ina yake maka ciwo?" Na nuna kaina da ƙirjina. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da zanen, ashe tana ajiye da shi a ƙarƙashin katifarta, duk ya yamutse. Gida ne mai taga biyu da mutum huɗu a ƙofa, mafi tsawon cikinsu yana riƙe da jan biro. A ranar ne na yi kukan da ya ƙi zuwa tun farkon ciwon.

A mako na shida makina ya sauko 14, a na sha ɗaya ya koma 9. A nan na yi kuskure na biyu. Na ce tun da ina tafiya, ina ci, barci ya fara daidaita, ai gyaran rayuwar ne ke aiki, ƙwaya ta gama nata. Na daina sha ban gaya wa kowa ba. A kwana na uku jiri ya fara, da wani abu kamar fizgar lantarki a kai in na juya ido, ga mugayen mafarkai, ga fushin nan ya dawo. A kwana na biyar na koma wurin likita da kaina. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce alamun yankewar magani ne, ta mayar da ni kai, ta kuma bayyana mini cewa ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke, ba bayan an fara jin dama-dama ba, domin kusan rabin waɗanda suka yi ciwon sau ɗaya yakan sake dawo musu. Ta ce, "Malam, me ya sa kake son sai ɗaya ya kayar da ɗaya? Maganin ne ya ba ka ƙarfin saka takalmi, tafiyar ce ta ba maganin abin da zai kama." Tun daga ranar na daina haɗa su gasa.

A wata na biyar na sami maki 4. Na ƙara wata takwas a kan maganin, sannan muka rage shi sannu a hankali cikin wata biyu, tana duba ni a kowane mataki. Kafin ta sallame ni ta sa na rubuta alamomina na farko-farko a shafin ƙarshe na littafin: farkawar ƙarfe uku dare uku a jere, ƙin ɗaga waya, takardu su kwana biyar ban taɓa ba. A ƙasa akwai abin da za a yi in biyu daga ciki sun haɗu, da wanda za a kira. Maiɗakina tana da kwafinsa, Yaya ma yana da shi.

Watan jiya, lokacin jarrabawar ƙarshen zango, na farka ƙarfe uku dare biyu a jere, na kuma ga kiran abokina sau biyu na bar shi ya katse. Da safe na ce wa maiɗakina, "Ɗauko takardar nan." Muka duba tare, muka ga na yi mako biyu ban yi tafiya ba saboda aiki, kofi kuma ya koma har yamma. Na kira asibiti aka ba ni ranar Alhamis, na kira abokina na ba shi haƙuri. Sannan na saka takalmi. 'Yata ta ce za ta raka ni, muka je gindin bishiyar muka dawo, na buɗe sabon shafi na rubuta: kafin, 5, bayan, 6.